Kafin ka sayi madubin hangen nesa na hannu, ji yadda na sayi ciwon kai da kuɗina

Mai karatu, in ka taɓa tura kuɗi ga mutumin da ba ka taɓa gani ba, sannan ka zauna kana jiran direba ya kira ka daga tasha, to ka san irin faɗuwar gaban da na yi a hutun zangon karatun da ya wuce. Abin da na saya madubin hangen nesa ne, na hannu. A hoton da mai shi ya saka a wani shafin saye da sayarwa, an rubuta Zeiss ɓaro-ɓaro a jikinsa, ga lamba 20x50, gilasan gaba kuma jajaye wur kamar garwashi. Ya ce wai yayansa ne ya zo da shi daga Jamus. Kuɗin da na tura kuwa, abin da na matse ne daga kuɗin abinci na wata biyu, da ɗan abin da nake samu in na buga wa 'yan ajinmu aiki a kwamfuta.

Da kwalin ya iso Birnin Kudu ko gida ban biya ba. Na tari ɗan acaɓa, sai Dutsen Habude. In kai ɗan garin nan ne ka san wurin, ɗaya ne daga cikin duwatsun da mutanen da suka bar zanen shanu a jikinsu, kamar Dutsen Mesa da Dutsen Murufu. Na hau, na samu wuri na tsaya, na hango shirwa tana shawagi, na ɗora madubi a ido. Sai na ga shirwa biyu. Na sauke, ɗaya ce. Na sake ɗorawa, biyu, ɗaya a saman ɗaya, dukansu kuma sun yi wani shuɗi-shuɗi kamar an tsoma su a baba. Na matse ido, na tilasta masa har suka haɗe suka koma ɗaya. Kafin minti goma kaina ya ɗauki sara kamar ana buga guduma. Na kira lambar mai kayan, a kashe. Har yau a kashe take.

Washegari na tafi Gwaram wajen kawuna. Maharbi ne, tun kafin a haife ni yake shiga dawa. Ya karɓa, ya juya shi, ya leƙa na ɗan lokaci, ya miƙo min.

"Ɗana, nawa ka ba su?"

Na faɗa masa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Da ka kawo min rabin kuɗin, da na ara maka idona. Ya fi wannan."

Wataƙila kana tambaya, me ya kai ɗalibin aikin jarida sayen irin wannan kaya? Kallon tsuntsaye ne ya ja ni. Wani aikin aji ya haɗa ni da wasu matasa da ke fita da sassafe suna ƙirga tsuntsaye suna rubutawa a waya. Akwai shirin taswirar tsuntsayen Najeriya da cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke Jos take jagoranta tun ƙarshen 2015. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kusan kilomita 9 tsawo da faɗi, ka shiga ɗaya ka rubuta duk tsuntsun da ka gani ko ka ji kukansa a manhajar BirdLasser. Ba sai kana da digiri ba. Najeriya na da nau'in tsuntsaye sama da 900, mu kuma a Jigawa muna da dausayin Baturiya a yankin Haɗeja, inda tsuntsaye ke zuwa tun daga Turai su yi hunturu, wanda ma a 2020 ya shiga jerin sababbin gandayen daji na ƙasa guda goma da gwamnatin tarayya ta amince da su. Amma ba sai ka je Haɗeja ba. Duwatsun Birnin Kudu da fadamun Gwaram kansu cike suke: kazar dutse, cilakowa, fakara, hasbiya, zalɓe, ga shamuwa in damina ta ƙarato. Matsalar kawai, da ido zalla duk ƙaramin tsuntsu sunansa "tsuntsu".

Bayan na sha wannan kashi sai na koma na yi abin da ya kamata in fara yi, wato karatu da tambaya. Abu na farko da na gane shi ne lambar da ta ruɗe ni ita ce ya kamata ta kore ni.

Lambobin nan biyu da kake gani, misali 8x42, ta farko tana nufin sau nawa madubin ke jawo maka abu kusa. Tsuntsun da ke nisan mita 80 zai zamar maka kamar yana mita 10. Ta biyu faɗin gilashin gaba ne a milimita, shi ne ƙofar da haske ke shigowa. Mu matasa muna son babbar lamba, kamar yadda muke yi wajen sayen waya. A nan kuwa babbar lamba masifa ce, domin madubin ba tsuntsu kaɗai yake ninkawa ba, har da rawar hannunka. Da ka wuce 10, hoton zai riƙa tsalle sai ka samu abin ɗorawa. Ga shi filin da kake gani yana ƙanƙancewa, kafin ka lalubo reshen da tsuntsun yake ya tashi.

Akwai wani ɗan lissafi da ko a bakin shago za ka iya yi. Raba lamba ta biyu da ta farko. 42 a raba 8 ya ba ka 5 da 'yan kai. Wannan shi ne faɗin ɗigon hasken da ke fitowa ya shiga idonka, a milimita. Da rana tsaka ƙwayar idonka a tsuke take, ba za ka ga bambanci sosai ba. Amma da asuba ko gab da magariba, lokacin da maharbi da mai kallon tsuntsu duk suke aikinsu, ƙwayar ido tana buɗewa, ta matashi har ta kai wajen milimita 7. A lokacin ne mai 5 zai nuna maka zabon daji a gindin kalgo, mai 2 da rabi kuma, wato nawa na 20x50, ya nuna maka duhu. Shi ya sa za ka ga yawancin waɗanda suka daɗe a harkar 8x42 ko 10x42 suke ratayawa. In kuma ka ga an rubuta irin 10-30x60 ko wata lamba mai ban tsoro kamar 60x90 a jikin abin da bai wuce tafin hannu biyu ba, ka yi gaba abinka.

Jan gilashin nan da ya burge ni ma yaudara ce. Madubi mai kyau ana yi wa gilasansa wani siririn shafe domin haske ya ratsa maimakon ya dawo baya. In ka karkata shi a rana za ka ga ɗan kore ko ɗan shunayya mai duhu, ba mai ƙyalli ba. Jan shafen masu araha kuwa jan haske yake tarewa, shi ya sa shirwata ta koma shuɗiya.

To me ya sa mutane ke bin manyan sunaye, har su gwammace tsoho na hannu a kan sabo fil? Sunaye uku ne ke gaba a duniya: Swarovski na Ostiriya, sai Zeiss da Leica na Jamus. Carl Zeiss ya buɗe shagonsa a garin Jena tun 1846, ka ga ba jiya aka fara ba. Sabon babban samfurinsu yana kaiwa dala dubu biyu zuwa uku, har ya wuce. Ka juya wannan zuwa naira da kanka, ni ba na son tayar maka da hankali. Amma madubi ba waya ba ne. Ba shi da batir da zai mutu, ba shi da manhajar da za ta tsufa. Gilashi ne da ƙarfe. In ba a yar da shi ƙasa ba, ruwa bai shige shi ba, wanda aka ƙera shekara ashirin da suka wuce zai nuna maka abin da ya nuna wa mai shi na farko. A nan ne hikimar sayen na hannu take. A nan ne kuma 'yan damfara suke jiranka, domin rubuta Zeiss a jikin roba bai fi aikin minti biyar ba.

Gaskiyar da ba a so a faɗa ita ce, ko na hannun ma, Swarovski ko Leica na ainihi ba ya faɗowa ƙasa warwas. Masu shi sun san abin da suke riƙe da shi. In wani ya yi maka tayinsa a kuɗin buhun shinkafa, to ɗayan uku ne: jabu ne, ko ya lalace, ko na sata ne. Na ainihi yana da lambarsa ta musamman a jiki, ka ce a ɗauko maka hotonta, ka rubuta wa kamfanin ta imel ka tambaya. Mai kayan gaskiya ba zai ji haushin wannan ba. Kuma kada zancen garanti ya ɗauke maka hankali. Ko da kamfani ya yarda zai gyara, sai kayan sun je can ƙasar waje sun dawo, kuɗin aikawa kaɗai ya isa ya sa ka haƙura. Saboda haka ka ɗauka cewa yadda ka saye shi haka za ka zauna da shi.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi komai: kada ka biya sai ka leƙa da idonka. In mai kayan yana Kano, motar Kano ba ta yankewa a Birnin Kudu, kuɗin motar ya fi asarar da na yi sauƙi. In yana Legas, ka nemi wani naka a can ka koya masa abin da zai duba, ko ka haƙura.

Fara da cutar da ta kama nawa. Madubin nan bututu biyu ne, dole su kalli wuri ɗaya daidai wa daida. In ya taɓa faɗuwa, gilasan ciki sukan goce. Ƙaramar gocewa ba za ka gan ta nan take ba, domin ƙwaƙwalwarka za ta yi ta kokawar haɗa hotunan biyu, kokawar nan ce ke zama ciwon kai. Ga yadda za ka kama ta. Nemi wani miƙaƙƙen layi a nesa, wayar lantarki ko bakin rufin kwano. Saita shi ya fito tas, sannan ka riƙa janye madubin daga fuskarka a hankali kamar tsawon yatsa ko fiye, idanunka biyu a buɗe. Za ka ga da'ira biyu. In layin ya ratsa su a miƙe, lafiya. In na dama ya fi na hagu tsayi, kamar matakala, ajiye masa kayansa. Ko kyauta aka ba ka, wahala aka ba ka. Wata dabarar kuma, ka rufe ido na ɗan lokaci madubin na fuskarka, ka buɗe farat ɗaya. In a daƙiƙar farko ka ga abu biyu kafin su haɗe, ka samu amsarka.

Daga nan ka juya shi, ka kunna fitilar wayarka ka haska ta wajen sa ido, ka leƙa ta gilashin gaba. Ɗan ƙura kaɗan ba komai ba ne. Abin gudu shi ne hazo a ciki, da wani farin zare-zare mai kama da yanar gizo-gizo. Funfuna ce, tana cin shafen gilashi, kuma kayan da suka daɗe a wuri mai laima sun fi kamuwa da ita. Ka miƙa hannu da madubin ka fuskanci haske, ka dubi ɗigon hasken nan da muka yi lissafinsa. Ya zama zagayayye tas. In gefensa ya yanke ko ya yi kusurwa-kusurwa mai duhu, gilashin ciki mai araha ne ko ya goce. Ka murɗa tayar tsakiya daga ƙarshe zuwa ƙarshe, kada ta cije, kada kuma ta yi sako-sako. Ka naɗe shi ka buɗe, gaɓar tsakiya ta tsaya inda ka bar ta. Akwai kuma wani zobe, galibi a wajen idon dama, na daidaita bambancin idanunka biyu: ka rufe gilashin dama ka saita hagu da tayar tsakiya, sannan ka rufe hagu ka saita dama da zoben. Mutane da yawa suna cewa madubi ba shi da kyau alhali wannan zoben ne wani ya murɗe. In kana sa tabarau, ka gwada da tabaran a fuskarka, domin tsofaffin samfura da yawa sai ka manna ido sosai kafin ka ga filin duka.

Ƙojewar fenti da tsagewar roba kuwa, kada su dame ka. Su ne ma abin da za ka riƙe ka nemi ragi.

Wani abu da na so a ce na sani tun farko: siffa biyu ce. Akwai mai miƙaƙƙen bututu, siriri, irin na zamani. Akwai kuma mai kafaɗa, irin wanda kake gani a tsofaffin finafinan yaƙi. Mai miƙaƙƙen bututu ya fi wuyar ƙerawa, kuma gilasan cikinsa na buƙatar wani shafe na musamman da Zeiss ya fara amfani da shi a 1988, wanda masu araha sukan tsallake. Ma'ana, in kuɗinka kaɗan ne, tsoho mai kafaɗa daga kamfanin kirki zai iya doke sabo siriri marar asali. Aibinsa shi ne yawanci ba a toshe yake ba, ruwa da ƙura suna iya shiga. A ƙasar da hunturu ke cika mana hanci da ƙura, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai ka riƙa rufe shi a jaka. Kuma don Allah kada ka goge gilashi da bakin riga. Ƙurar nan yashi ce, kana gogawa kana kankare shafen da ka biya kuɗi dominsa. Hure ta tukuna, sannan ka shafa da tsumma mai laushi. Da damina ka jefa 'yan ƙullin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi a cikin jakar. Masu fita neman jinjirin wata kuma, ku bari rana ta faɗi ƙurmus. Kallon rana da madubi yana ƙona ido cikin ƙiftawa.

Akwai wani ɓangaren da ba za ka same shi a shafukan Turawa ba, domin su ba ya cikin damuwarsu. A ƙasarmu a yau, saurayi baƙo a bakin daji da madubi a wuya da waya a hannu yana rubuce-rubuce, ka san sunan da za a fara kiransa da shi. Gwaram da Birnin Kudu suna iyaka da Jihar Bauchi, mutanen ƙauye kuma suna da dalilin sa ido a kan duk wanda ba su sani ba. Ba mu manta da Uromi ba. A ƙarshen watan Maris na 2025 aka tare mafarauta 'yan Arewa a wannan gari na Jihar Edo, suna kan hanyar komawa Kano daga Fatakwal domin yin sallah a gida, aka ga bindigogin farauta a motarsu, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe 16. Zargi kawai. Don haka kafin ka shiga gonar kowa ko ka hau dutsen kowane ƙauye, ka fara zuwa ka gai da mai unguwa ko dagaci, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka nuna katinka na makaranta. Ka ba 'yan sintiri su leƙa su gani da idonsu, wallahi nan da nan ake zama abokai. Ka guji mai fentin kakin soja komai arharsa. Kada ka saita shi wajen shingen jami'an tsaro. In kuma kana saman dutse, ka juya wa gari baya, domin daga can tsakar gidan mutane kake gani, da iyalinsu a ciki. Ranar da na hau Habude ban yi tunanin wannan ba, sai da kawu ya ja kunnena.

Ni da kawu mun sha musu a kan abin da madubin zai yi wa dajin. Na ce masa in kowane maharbi ya samu ido irin wannan, me zai rage? Shi da bakinsa yake ba ni labarin yadda a da ungulu ke cika mayanka har sai an kore su da sanda, da yadda gauraka ke sauka a fadama. Yanzu fa? Tun 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya ta saka ungulun nan tamu ta gari a jerin waɗanda ke gab da ƙarewa, kuma farautarta domin haɗa magani na cikin dalilan. Burtun da maharba ke ɗaura kansa a goshi su yi rarrafe su yaudari namun daji, shi kansa ya yi wuyar gani.

Kawu ya ce, "Kai ɗan boko, wanda bai gani da kyau ba shi ke harbin abin da bai kamata ba. In na ga mace ce da 'ya'ya, ai ƙyale ta zan yi. Kuma ka san sau nawa aka harbi mutum a dawa an zaci dabba ce?"

Ban ce ya yi gaskiya duka ba, domin ba kowane mai bindiga ne kawuna ba. Amma maganarsa ta ƙarshe ban iya amsa ta ba.

Sati uku bayan haka muka shiga Kano tare, ya sayar da ɗan akuya ya ce zai cika min. A wajen wani dattijo mai tsofaffin kyamarori da agoguna muka samu wani mai kafaɗa, 8x30, fentinsa duk ya ƙoje, an rubuta Carl Zeiss Jena da DDR a jiki, wato ƙirar tsohuwar Jamus ta Gabas, ƙasar da ta daina wanzuwa tun 1990. Irin wannan ma ana yin jabunsa, saboda haka ban yarda da rubutun ba. Na fito da shi bakin titi na saita wayar lantarki, na janye a hankali, layi ya miƙe. Na haska fitila, ƙura ce kawai 'yar kaɗan. Na yi kusan rabin awa ina leƙe-leƙe har dattijon ya ce, "Yaro, saya za ka yi ko haya?" Kaina bai yi ciwo ba. Muka yi ciniki, na nuna ƙojewar fenti, ya rage.

Da asubar farko a wani dutse kusa da Gwaram na ga kazar dutse guda biyar suna bin juna, wutsiya a ɗage, har jan da ke zagaye da idonsu na gani. Na miƙa wa kawu. Ya daɗe bai sauke ba.

Da hutu ya ƙare na zo haɗa kaya, sai ya ce ai akuyarsa ta fi kuɗina yawa a cinikin, kuma a makaranta me zan kalla, allo? Haka na dawo hannu rabbana. Makon jiya ya kira ni, ya ce ya hango ungulu biyu a kan wata kuka a bayan kasuwa, in rubuta a wayar nan tawa. Na ce masa ba a rubuta abin da mutum bai gani da idonsa ba. Ya ce to in zo da sallah in gani, in sun jira ni. Kafin ya kashe ya ƙara da cewa ya samu zabi biyu a ranar, daga nesa ya hango su, an soya an ajiye min cinya ɗaya.